NOMA: Ba na gero ba, na rezon wayar salula

Idan ka ce wa mutumin Damargu "noma", gero da wake zai tuna. A wurin injiniyoyin sadarwa kuwa, NOMA taƙaitaccen sunan wata dabara ce da ke bai wa wayoyi da dama damar amfani da tashar iska ɗaya a lokaci guda.

Duk ɗan Tanout ko Belbedji da ke zaune a Agadez, Libiya ko Kano ya san yadda abin yake. Ranar kasuwa, makiyaya da 'yan ƙauye sun cika gari, kowa na son kira ko tura saƙon murya ta WhatsApp, sai rezo ya yi nauyi. Mai jiran labarin kuɗin da aka aiko masa ya yi ta ɗaga waya sama.

A tsarin 4G, antena na yanka tashar ne gunduwa-gunduwa, kowace waya da rabonta. Idan rabon ya ƙare, sai jira.

NOMA ta fi kama da gonar da aka haɗa gero da wake. Antena na ɗora saƙon mutum biyu a tasha ɗaya: na nesa, misali makiyayi a dajin Tarka, a ba saƙonsa ƙarfi mai yawa, na kusa kuma kaɗan. Wayar na nesa tana jin nata saƙon sarai, ɗayan ya zame mata ɗan surutu. Wayar na kusa ce ke da aiki, domin sai ta fara karanta saƙo mai ƙarfin, ta cire shi, sannan ta tsinci nata a ƙasa.

A nan gizo ke saƙa. Wannan tacewa na buƙatar waya mai ƙwaƙwalwa, tana kuma cin batir, a yankin da mutane da yawa ke biyan kuɗin caji a shago. Dabarar kuma ba ta kai rezo rugar da babu antena kusa da ita.

Masu bincike na kamfanin NTT DoCoMo na Japan ne suka fito da ita fili a 2013. Ƙungiyar 3GPP mai tsara ƙa'idojin sadarwar salula ta nazarce ta don 5G a 2018, amma ba ta sanya ta cikin ƙa'idar ba. Yanzu masu binciken 6G sun sake ɗauko maganar.