Makircin Miyagu a Hikayoyin Zane na Amurka

A tatsuniyoyin Hausa, dabarar Gizo takan ƙare ne a kan cikinsa: ya ci, ya tsere, ko kuwa asirinsa ya tonu. Miyagun da ke cikin littattafan zane da majigin katun na Amurka su ma galibi haka suke, ƙarfi ko kwaɗayi ke jan su. Amma akwai kaɗan daga cikinsu waɗanda makircinsu ya cancanci nazari, domin sukan ɗaure abokin gaba ne da kyakkyawan halinsa.

A majigin The Lion King na 1994, Scar ya sa kuraye suka kora garken namun daji cikin kwazazzabo, ya hallaka wansa Mufasa, sa'an nan ya shawo kan Simba cewa shi ne sanadin mutuwar mahaifinsa. Yaron ya gudu saboda kunya. Kurayen da aka tura su kashe shi sun kasa, amma nadama ta tsare shi a daji shekara da shekaru.

Wanda ya fi kowa nisa a wannan fage shi ne Adrian Veidt, mai laƙabin Ozymandias, a littafin Watchmen wanda Alan Moore ya rubuta, Dave Gibbons ya zana, daga 1986 zuwa 1987. Labarin ya faru ne a 1985, lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyat ke gab da yaƙin nukiliya. Veidt ya tara masana kimiyya da masu zane a wani tsibiri, suka ƙera masa dodo ba tare da sun san manufarsa ba, daga baya ya hallaka su duka. Ya jefa dodon a tsakiyar birnin New York, mutane wajen miliyan 3 suka mutu. Duniya ta ɗauka hari ne daga wata duniyar, sai manyan ƙasashen biyu suka ajiye gaba suka haɗa kai.

Abu biyu ne suka bambanta wannan makirci. Na farko, al'adar irin waɗannan littattafai ita ce mugu ya tsaya yana fayyace shirinsa har jarumi ya sami sukunin ɓata shi. Veidt kuwa sai da ya aiwatar da nasa da minti 35 kafin ya buɗe baki. Na biyu, kuma shi ne mafi muni, jaruman da suka ji gaskiya sun rasa yadda za su yi da ita, domin tona asirin zai maido da yaƙin, jinin da aka zubar ya tafi a banza. Suka zaɓi yin shiru. Rorschach kaɗai ya ƙi, Dakta Manhattan ya kashe shi.

Sai dai tun kafin ya tafi tunkarar Veidt, Rorschach ya riga ya aika wa wata jarida kundin bincikensa. A shafin ƙarshe, kundin yana cikin tarin wasiƙu, hannun wani ma'aikaci yana shawagi a kansa.