Kontar, ma'aunin wutar lantarki

A kasuwar Jiratawa ana auna hatsi da tiya, ana auna mai da lita. Wutar lantarki kuwa ba a ganin ta, ba a zuba ta cikin ƙwarya. Amma ita ma tana da nata ma'auni. Shi ne ɗan akwatin nan da ke manne ga bango, kusa da ƙofar gida. A Nijar ana ce masa kontar, a Najeriya kuma mita.

Wuta ba kyauta ba ce

Kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, shi ke raba wuta a ƙasar Nijar. Babban kaso na wutar Maraɗi daga Najeriya ake sayo shi, ta wayar da ta taso daga Katsina ta biyo ta Gazawa. Da ita ake kunna fitilu a gidaje. Da ita kuma injinan ban ruwa na Jiratawa ke jawo ruwa zuwa gonakin zogale. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta katse wutar, sai a watan Maris na 2024 aka maido ta. A lokacin kowa ya san darajarta. Tun da sayo ta ake yi, dole kowane gida ya biya abin da ya sha. Kontar ne ke faɗin yawansa.

Yadda kontar ke ƙidaya

Kowane kayan wuta yana da ƙarfinsa, ana rubuta shi a jikinsa da wat. Wat 1000 su ne kilowat 1. Idan abu mai ƙarfin wat 1000 ya yi aiki awa 1, kontar zai ƙara lamba 1. Ita ce ake rubutawa kWh a kan takardar kuɗin wuta.

Ga misali. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yana ci awa 5 kowane dare. A dare ɗaya ya sha wat 60 sau 5, wato 300. A kwana 30 ya sha 9000, wato kWh 9. Sabon ƙwai irin na LED mai wat 10 yana ba da haske kusan irin nasa, amma a wata kWh 1 da rabi kawai yake sha. Dutsen guga mai wat 1000 kuwa, a awa 1 yana shan abin da sabon ƙwan zai sha a dare 20.

Wane kontar ya dace?

Kontar iri biyu ne. Na farko, a sha wuta tukuna, sa'an nan ma'aikaci ya karanta lambar, a kawo takarda, a biya. Idan bashi ya taru, sai a yanke wutar. Na biyu kuwa sai an biya ake sha. Maigida yana sayen wuta daidai ƙarfin aljihunsa, a ba shi lambobi 20, ya danna su ga kontar. Kullum yana ganin abin da ya rage masa. In ta ƙare, fitilu su mutu, ko da tsakar dare ne.

Mai albashin wata yana iya zama da na farko. Manomi ko ɗan kasuwa, wanda kuɗinsa ke shigowa kaɗan-kaɗan, na biyu ya fi yi masa sauƙi. A gidan haya kuma, inda iyalai da yawa ke kan kontar ɗaya, rigima ba ta ƙarewa: mai firigo da mai fitila ɗaya ba shansu ɗaya ba. Maganinta shi ne a sa wa kowane sashe ƙaramin kontar nasa, kowa ya biya abin da ya sha.

Aikin ɗan lakkwal

Yaron da ya iya lissafi yana iya taimakon gidansu. Kowace safiya ya rubuta lambar kontar cikin littafinsa. Bambancin lambar jiya da ta yau shi ne abin da gidan ya sha. Wata rana kuma a kashe kome da kome, a duba. Idan kontar ya ci gaba da ƙidaya, to, ko wuta na zurarewa ta wata waya da ta lalace, ko wani ya jona a ɓoye. Sai a kira gwanin wuta.

Kontar da ido ake duba shi, ba da hannu ba. Kada a buɗe shi, kada a cire hatiminsa. Wutar gida volt 220 ce, tana kisa.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin kontar?
2. Fanka mai wat 50 ta yi aiki awa 10. A kwana nawa za ta sha kWh 1?
3. Ran Litinin kontar ya nuna 2415, ran Litinin ta gaba 2436. Nawa gidan ke sha kowace rana?
4. Don me ba a taɓa kontar?