Fam, Laba da Pund: Awon da Bahaushe Ke Tararwa a Danmak

Bahaushen da karatu ko neman halali ya kai shi Kofanhagan, in ya shiga wurin mahauci yakan ji wata dattijuwa ta ce a auna mata "pund" ɗaya na nama. Kalmar ba za ta yi masa baƙunta ba, don ta yi kama da fam. Sai hankalinsa ya tafi ga kuɗi, alhali a Danmak kurona ake kashewa. Nauyi take nufi, giram 500 cif.

Asalin kalmar daga Rumawa ne. Sukan ce "libra pondo", wato ma'aunin libira a bisa nauyi. Mutanen arewacin Turai suka ari rabin ƙarshe, ya zama pund a Danmak. A 1683 masanin taurari Ole Rømer ya daidaita ma'aunan ƙasar da umarnin sarki, a 1839 aka tsayar da pund a kan rabin kilo. Dokar 1907 ta kawo kilo, amma ba ta iya cire tsohuwar kalmar daga bakin tsofaffi ba. Da ita kuma mutanen Danmak suke kiran kuɗin Ingila.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne mu Hausawa duka rabin biyu muka gada. Fam ta zo mana ta bakin Turawan mulki a matsayin kuɗi. Laba kuwa, wadda aka riƙa auna gyaɗa da auduga da ita a kan sikeli, tana komawa ga libira. Har bayan da naira ta shigo a 1973, kakanninmu ba su daina cewa fam goma ba in suna nufin naira ashirin.

To, a wajen nauyin ne ake tuntuɓe. Wanda ya biyo ta Ingila ko Amurka ya saba da laba mai giram 454, ya zo Danmak ya tarar da ƙarin giram 46. A tukunyar miya wannan ba komai ba ne. A kwaɓin cincin ko alkaki na sallah kuwa, uwargida za ta gane a hannunta.

Yaran Hausawa da aka haifa a Danmak sukan ji pund a bakin tsofaffi. Laba ce ba sa ji a gida, don iyayen ma kilo suke faɗa, kuma wannan yana damuna.