Sabon Kek a Tsohuwar Tukunya

Da zarar azumi ya raba tsakiya, ko biki ya matso ana haɗa kayan gara, sai mata su duƙufa neman sabon salon kek da biskit. A da cincin da dubulan da alkaki ne ke cika faranti, ana koyonsu a gaban uwa ko kaka, da ido da hannu. Yanzu waya ce malama. Uwargida za ta ga kek a YouTube ya tashi gwanin sha'awa, ta sayo fulawa da bota da ƙwai duk da tsadarsu, ta bi bayani daki-daki, ƙarshe abu ya fito a daƙile, ko ƙasa ta ƙone ciki ɗanye. Sai ta ce ba ta da hannu. Galibi hannunta lafiya lau. Bayanin ne aka rubuta don wani kicin daban, mai nasa ma'auni da wuta da yanayi.

Babban tarkon yana wajen awo. Da yawa daga bayanan da ke yawo a intanet daga Amurka suke, inda aka saba awo da kofi, al'adar da littafin girkin Fannie Farmer na 1896 ya taimaka wajen kafawa. Kofinsu yana cin mililita kusan 240, wato fulawa kimanin giram 120 idan an zuba ta sako-sako aka share bakin kofin. Mu kuwa gwangwanin madara muka saba da shi, shi kuma wajen kashi biyu cikin uku na wancan kofin yake ci. Da a ce komai da gwangwanin ake aunawa, da sauƙi, kek ɗin zai ƙanƙance ne kawai. To amma ƙwai ƙirga shi ake yi, bekin foda kuma da cokali. Sai fulawa ta ragu, ƙwai da bekin foda suna nan yadda suke. Shi ya sa kek ke kumbura kamar zai fasa gwangwani, sannan ya rufta ta tsakiya.

Mai son ta huta da wannan rigima ta nemi ƙaramin sikeli. Tsohon kek na Ingila ma a kan nauyi aka gina shi: fulawa da bota da sukari da ƙwai, kowanne nauyinsa daidai da na ɗan'uwansa. Ki auna ƙwai huɗu, za su ba ki giram 200 ko kusa da haka, sai ki auna sauran ukun daidai da shi. Da wannan ma'auni a kanki, kina kallon sabon bayani za ki gane inda ya kauce.

Bekin foda da bekin soda kuma ba abu ɗaya ba ne, ko da yake dukansu farin gari ne. Soda ba ta tayar da kwaɓi yadda ya kamata sai ta haɗu da abu mai tsami, kamar kindirmo ko lemon tsami. In babu, ta bar ɗanɗano irin na sabulu a baki. Bekin foda da tsaminsa yake tafe. Wani mai haɗa magunguna a Birmingham, Alfred Bird, shi ya haɗa shi a 1843 saboda jikin matarsa ba ya karɓar yis. Soda ta ninka bekin foda ƙarfi sau uku ko fiye, don haka ba a musanya su cokali da cokali. Sannan idan fulawa ta shiga kwaɓi, a rage bugu. Bugun na bota da sukari ne har su yi fari; fulawa juyawa kawai take so, in an matsa mata kek ya yi danƙo.

Sai wuta. In bayani ya ce 350, ma'aunin Amurka yake nufi, daidai da 180 a obin ɗinmu. Wadda ba ta da obin ba ta rasa komai ba, don tukunya da yashi sun daɗe suna fitar da kek mai kyau. Sai dai a bar yashin ya ɗauki zafi tukuna, a ɗora gwangwani a kan wani abu don kada ya zauna kai tsaye a kansa, a rage wutar ƙasa, a zuba garwashi a kan murfi. Kada a buɗe kafin minti 20, komai ɗoki. Daga nan a soka tsinke, in ya fito a bushe ya gasu.

Biskit mai ɓarɓashin cakulan da ake yayi yanzu, Ruth Wakefield ce ta fito da shi a jihar Masacusets wajen 1938, wuri mai sanyi. A zafin bazarar Kano ko Maraɗi bota na narkewa tun kafin ta ga wuta, sai biskit ya baje ya zama faifai guda. A sa kwaɓin a firji na rabin awa, in an yi sa'ar wutar lantarki, in kuma babu a yi aikin da sassafe. A sauke shi da zarar gefensa ya yi ja ko da tsakiya na da laushi, domin sai ya huce yake yin ƙarfi.

Ni a ganina sabon bayani a fara gwada rabinsa, ranar da ba a jiran baƙi. In za a gyara, a sauya abu ɗaya kawai a kowane gwaji, a rubuta a littafi. Bayan ya zauna sai a shigo da namu: riɗi ko gyaɗa soyayya a biskit, citta da kanumfari a kek, ko dabino da aka jiƙa aka niƙa. Dabinon yana da zaƙi da laima, don haka in ya shiga a rage sukari da madara.