Wushirya da Giɓi: Kafin Ku Bari A Taɓa Haƙoranku

Zuwa ga iyalanmu na Bonaberi da New Bell da sauran unguwannin Duwala. A wurin tafinta iyaye sun sha tambayar mu game da tazarar da ke tsakanin haƙoran 'ya'yansu. Wasu 'yan mata kuma sun nuna mana bidiyo a waya, inda ake ɗaure haƙoran gaba da ƙaramar roba wai don su haɗe. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani, domin akwai tazarar da ba ta bukatar komai, akwai wadda alama ce ta ciwo.

Wace irin tazara ce?

Ta farko ita ce wushirya, wadda mutum ya tashi da ita tsakanin haƙoransa biyu na sama. Ba cuta ba ce. Sau da yawa gado ce, kuma a wurinmu Hausawa ado ce tun kaka da kakanni. Idan ba ta ciwo, ba ta hana tauna ko magana, babu dole a rufe ta.

Ta biyu ta yara ce. Yaro yana da haƙoran nono 20, yana fara famfara wajen shekara 6, babba kuma yana da 32. Idan sabbin haƙoran gaba suka fito, sukan fito a wawware. Yawanci sukan matso da kansu idan fiƙoƙin sama suka fito, wajen shekara 11 zuwa 12. Don haka iyaye ku yi haƙuri. Amma idan yaro ya girma yana tsotsar yatsa, a lallashe shi ya daina, domin tsotson yana tura haƙora waje.

Ta uku ita ce abin tsoro: babba wanda da haƙoransa a haɗe suke, sai ya ga suna buɗewa, dasashi yana jini, baki yana wari, haƙori yana girgiɗi. Wannan ciwon dasashi ne da ke cin ƙashin da ke riƙe da haƙori. Masu ciwon suga da masu shan taba sun fi kamuwa da shi. Mai wannan alama ya je asibiti ba tare da jinkiri ba.

Ta huɗu giɓi ne, wato haƙori ya fita. Wasu cikinmu sun rasa nasu a hanyar gudun hijira, ta dalilin duka ko faɗuwa. Idan aka bar giɓi ya daɗe, haƙoran da ke gefensa sukan karkato.

Abin da likitan haƙori zai iya yi

Kafin komai zai duba dasashi ya kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora, domin ba a gini a kan ruɓaɓɓen tushe. Bayan nan:

1. Idan wushiryar ƙarama ce, zai iya liƙa wani ciko mai launin haƙori a gefen haƙoran biyu. A zama ɗaya ake gamawa, amma yana iya ɓantarewa, kuma goro da shayi suna rina shi.

2. Zai iya sa waya mai jawo haƙora a hankali. Wannan yana ɗaukar watanni, wani lokaci har shekara 2, tare da komawa asibiti a kai a kai. Bayan an cire dole a riƙa sa abin riƙewa, in ba haka ba wushiryar ta dawo. Wanda bai san inda zai kasance baɗi ba, ko mai shirin komawa gida, ya yi tunani sosai kafin ya fara, don kada a bar shi da waya a baki babu mai dubawa.

3. Zai iya rufa fuskar haƙori da tangaran. Yana da tsada, kuma sai an kankare lafiyayyen haƙori, abin da aka kankare kuwa ba ya dawowa.

4. Idan tantanin da ke haɗa leɓen sama da dasashi ne ya sauko tsakanin haƙoran, akan yi masa ƙaramin aiki. Wannan ba aikin wanzami ba ne.

5. Mai giɓi zai iya samun haƙorin roba da ake sawa a cire, shi ne mafi sauƙin kuɗi. Akwai wanda ake kafewa a jikin haƙoran gefe, akwai kuma wanda ake dasawa cikin ƙashi, shi ne mafi tsada.

Abin da muke roƙon ku guje wa

Kada a ɗaure haƙori da roba ko zare. Robar takan sulale ta shige ƙarƙashin dasashi inda ido ba ya gani, ta bi saiwar haƙori tana cin ƙashi, har haƙoran biyu su zube. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Haka kuma kada a yarda da masu sa waya ko cire haƙori a kasuwa ko a shagon kitso. Kayan aikin da ba a dafa ba suna yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. Ƙwararren likitan haƙori a Kamaru yana da rajista da ƙungiyar likitocin haƙori ta ƙasa, kuma ba rashin kunya ba ne ku tambaya.

Idan haƙori ya fita yanzun nan

Idan na babba ne, a riƙe shi ta kai, kada a taɓa saiwar, kada a kankare. A sa shi cikin madara a garzaya asibiti cikin awa ɗaya, wataƙila a iya mayar da shi. Haƙorin nono kuwa ba a mayar da shi.

Ina za a je?

Mazauna Bonaberi su fara da asibitin gunduma na Bonassama, na New Bell su fara da asibitin gundumarsu, su nemi a nuna musu inda likitan haƙori yake. Babban asibitin Laquintinie da ke Akwa yana da sashen haƙori da baki. Ku tafi da katinku na ɗan gudun hijira, ku nemi a rubuta muku kuɗin aikin gaba ɗaya kafin a fara. Ku tambayi ma'aikacin lafiya na hukuma ko aikin yana cikin abin da ake taimakawa, domin taimako yana fara zuwa ga mai ciwo da kumburi kafin mai neman ado. Kumburin fuska tare da zazzaɓi kuwa ba ya jiran wayewar gari.

Idan duka ne ya jawo muku giɓi, a hanya ko a cikin gida, ku faɗa wa jami'in kariya. Maganar tana zama sirri, kuma muna nan mu yi muku tafinta. Ku tuna, duk aikin hukumar HCR kyauta ne. Wanda ya nemi kuɗi a hannunku da sunanta, ku kawo mana rahoto. Allah Ya ƙara mana lafiya.