Tauraron Ɗan'adam Na Ganin Gwarzo Da Kabo, Amma Ba Ya Jin Hausarsu

Sabon mazaunin Jami'ar Bayero a kan titin Gwarzo yake. Wanda ya fito daga ƙofar jami'ar ya miƙi hanya ya yi yamma, zai wuce Janguza da Rimin Gado, ya ratsa ƙasar Kabo, kafin sa'a biyu ya isa garin Gwarzo, dab da iyakar Jihar Katsina. Duk da wannan kusanci, a yau ɗalibi na iya rubuta kundin digiri a kan ƙasa da itatuwa da ruwan wannan yanki ba tare da ƙurarsa ta taɓa takalminsa ba. Abin da yake buƙata shi ne kwamfuta da intanet. Tun 1972 taurarin Landsat na Amurka ke ɗaukar hoton doron ƙasa, a 2008 aka buɗe taskar hotunan kyauta ga kowa, sannan a 2015 Turai ta harba Sentinel-2 wanda ya fi su kaifin gani. Nijeriya ma ta shiga sahu tun 2003 da NigeriaSat-1.

Ba na raina wannan ci gaba. Da waɗannan hotuna ana iya auna yadda ruwan madatsar Guzuguzu ta Kabo ke ja da baya daga kaka zuwa bazara, da yadda garuruwa irin su Getso da Garo ke cinye gonakin da ke kewaye da su, shekara bayan shekara, aikin da a da sai an yi watanni ana yawo da awo. Amma ni ɗalibin harshe ne, kuma abin da ya dame ni shi ne sunayen da ake laƙaba wa abin da na'ura ta gani. Duba taswirorin da irin waɗannan kundaye ke fitarwa. Launi biyar ne ko shida: gona, ciyayi, ruwa, gine-gine, da “ƙasa tsirara”. A wannan ɗan ƙaramin kwando ake cusa ƙasar Gwarzo da Kabo gaba ɗaya.

Manomin wurin ba haka yake kasa ƙasarsa ba. Yana da jigawa, yana da fadama, yana da jangargari, da laka, da tsakuwa, da fako. Kowace kalma a nan hukunci ce: tana gaya maka abin da za ka shuka, da lokacin da za ka shuka shi, da yawan takin da wurin zai ci, da kuɗin da gonar za ta yi idan an zo sayarwa ko rabon gado. Fako ƙasa ce da ta daskare, ruwa ke gudu a kanta ba ya shiga. Jigawa kuwa a watan Maris fayau take, amma da zarar ruwa ya sauka za ta ba da gero da gyaɗa. A idon tauraro, idan hoton rani aka ɗauko, dukkansu “ƙasa tsirara” ne. Sai mai bincike ya kwatanta hotuna biyu, ya rubuta cewa hamada ta ƙaru da kashi kaza, a buga a mujalla, wani ya ɗauka ya kafa hujja da shi wajen neman kuɗin aikin dashen itatuwa. Kowane ɗigo na hoton Landsat mita 30 ne tsawo da faɗi. A cikin wannan ɗigo ɗaya manomin Kutama na iya haɗa dawa da gero da wake, ga gawo a tsaye a tsakiyarsu.

Batun gawo ya isa misali. Itace ne da ke kaɗe ganye da damina, ya yi kore shar da rani, saɓanin sauran itatuwa, shi ya sa ba ya hana amfanin gona rana, kuma ƙarƙashinsa ya fi ko'ina albarka. Manoma sun san wannan tun kaka da kakanni. Shekaru da dama taswirorin dazuzzuka na duniya ba sa lissafa irin waɗannan itatuwa na cikin gona, domin ba su haɗu sun zama daji ba. Sai a 2020 ne Martin Brandt da abokan aikinsa suka buga a mujallar Nature cewa sun koya wa kwamfuta ƙirga itatuwa ɗaya bayan ɗaya, suka sami fiye da biliyan 1.8 a wani yanki na yammacin Sahara da Sahel mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1.3. Duniya ta yi mamaki. Amma marigayi Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya daɗe da nuna cewa a karkarar da ke kewaye da Kano, inda jama'a suka fi yawa, manoma na kare itatuwan gonakinsu da gangan. Shi da ƙafa ya gano haka, da zama da mutane, da jin Hausa. Haka nan a Maraɗi, tun shekarun 1980 manoma suka rungumi dabarar barin kututture ya tofo a gyara shi ya zama itace, abin da suke kira sassabin zamani. Sai bayan kusan shekara ashirin hotunan sama suka tabbatar da cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Manoma ne suka riga, tauraro ya biyo baya da shaida.

Har yau ma, na'urar da ta ƙirga itace inuwarsa ta gani. Ba ta gaya maka ko ɗorawa ce, ko kaɗanya, ko tsamiya, ko darbejiya. Idan an sare ɗorawa goma an dasa darbejiya goma, lissafi ya daidaita a takarda, amma matar da ke yin daddawa ta san an yi mata asara.

Magini ma ya sani, kuma nan ne maganar ta haɗu da abin da masana ke kira gini mai ɗorewa. Ginin soro na gargajiya a kan itatuwa ya dogara. Azara daga giginya take, makuba kuwa daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake samun ta, a kwaɓa a shafe bango don ruwa kada ya ci shi. Tubali da kaurin bango su ne ke riƙe sanyin dare su sake shi da rana, wanda duk ya taɓa kwana a soro a watan Afrilu ba ya buƙatar a kawo masa ma'aunin zafi. A yau bulo da kwano sun mamaye garuruwanmu, kuma ba na zargin kowa: yaɓe na kowace shekara wahala ce, azara ta yi tsada, soron da ba a kula da shi ba yana faɗa wa mutane idan marka ta yi tsanani. Abin da nake jan hankali a kai shi ne yadda bincike ke ƙara tura mu wannan hanya. A 2016 masu bincike na Jami'ar Stanford suka buga a mujallar Science wata dabara ta hasashen talauci daga hotunan tauraro a ƙasashen Afirka biyar, har da Nijeriya, kuma irin rufin gidaje na cikin abubuwan da na'ura ke lura da su. Takardun ƙidayar arzikin iyali ma haka suke: siminti da kwano alamar samu ne, ƙasa alamar rashi. Wato a harshen ƙididdiga, soron attajiri mai daurin guga da bukkar da ta kusa rushewa aji ɗaya suke. A daidai wannan lokaci kuma, duniya na karrama masu komawa ga ƙasa. Masallacin Yaama na Nijar, aikin magini Falke Barmu, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallacin Dandaji da bulon ƙasa matsattse, aka kammala a 2018. Francis Kéré na Burkina Faso ya karɓi kyautar Pritzker a 2022. Mu kuwa da muka gaji Babban Gwani Muhammadu Durugu, ɗalibinmu na zanen gine-gine na iya kammala karatu bai taɓa zama da Sarkin Magina ba.

Wani zai ce ai yanzu kwamfuta ta fara jin Hausa. Gaskiya ne. Google ta sa Hausa cikin manhajarta ta fassara a 2013, kuma matasan masananmu, cikinsu har da na Jami'ar Bayero, sun yi rawar gani wajen tara rubutun Hausa domin koyar da na'ura. Sai dai a tambaya, wace Hausa? Mafi yawanta daga labaran rediyo da jaridu da shafukan sada zumunta aka kwaso ta, Hausar siyasa da ƙwallon ƙafa da rikicin Gabas ta Tsakiya. A irin wannan rubutu, kalmar jigawa kusan kullum sunan jiha ce. Fadama ta tsira ne kawai domin Bankin Duniya ya ari kalmar ya raɗa wa shirinsa na noman rani a farkon shekarun 1990. Binne, wato shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, sau nawa ka ji ta a labaran ƙarfe shida? To idan gobe aka ƙera manhajar da za ta ba manomin Kabo shawara ta wayar salula, da wane ƙamus za ta yi masa magana? Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina kowace shekara, da ranakun da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa. Aiki ne mai kyau. Amma manomi na da nasa lissafin na taurarin damina da malamai ke riƙe da shi, kuma wanda bai san wannan lissafi ba ba zai iya yi masa bayanin wancan ba.

Abin takaici, Turawan mulkin mallaka sun fi mu fahimtar wannan. J. M. Dalziel, likita ne, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga tun 1916. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da kalmomin noma da gini da ire-iren ƙasa waɗanda malamin jami'a na yau sai ya buɗe littafi kafin ya gane su. Su don mulki suka yi, amma sun yi.

Kayan aikin duk suna nan a wuri ɗaya. Jami'ar Bayero na da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa da aka kafa a 2012, tana da sashen nazarin ƙasa, da tsangayar kimiyyar kwamfuta, da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Shawarata ita ce a zaɓi gundumomi kaɗan a Gwarzo da Kabo, a tura ɗalibai uku uku, ɗaya na harshe, ɗaya na nazarin ƙasa ko gini, ɗaya na kwamfuta. Su bi gona gona da dattijan wurin, maza da mata, su naɗi sunan kowace ƙasa da kowane itace da muryar mai faɗa, su ɗauki ma'aunin wurin da waya, a ɗora a kan hoton tauraro. Daga nan sai a koya wa na'ura ta bambance fako da jigawa, maimakon a koya wa manomi “ƙasa tsirara”. Kuɗin wannan bai kai na taron bita guda a otal ba, kuma shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a 2021 domin farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa, shi ne farkon wanda zai amfana da irin wannan taswira.

Sharaɗi na biyu ya fi sauƙi. Duk kundin da aka rubuta a kan wata ƙaramar hukuma, kada a sa masa hannu sai ɗalibi ya kawo taƙaitaccen bayaninsa da Hausa, shafi biyu, ya kuma koma ya karanta shi a gaban dagaci da manoman da aka yi binciken a gonakinsu, a rubuta abin da suka ce a liƙa a ƙarshen kundin.