Lissafin Haƙora a Cikin Aksil

Da yawa daga cikin masu Hilux da Land Cruiser da ke kai motocinsu Panteka a Kaduna domin a ɗaga su a sa musu manyan tayoyi, saboda su jure wa taɓon hanyoyin karkarar Giwa da Birnin Gwari a damina, sukan dawo da kukan cewa injin ya yi sanyi, alhali injin lafiyarsa ƙalau, matsalar tana cikin aksil.

A tsakiyar aksil akwai tulun ƙarfe da makanikai ke kira difarenshal, wanda aikinsa shi ne karɓar juyin farfela ya raba wa tayoyi biyu, ya kuma bar ta waje ta fi ta ciki gudu idan an sha kwana. Ƙaramar giya ce ke tura babba a cikinsa, kuma idan aka raba haƙoran babbar da na ƙaramar sai a sami adadin juyin da farfela ke yi kafin taya ta juya sau ɗaya: haƙora 41 da 10 suna ba da 4.10, haƙora 41 da 9 suna ba da 4.56, yayin da 39 da 8 ke ba da 4.88. Tayar inci 35 ta fi ta inci 31 cin ƙasa da kusan kashi 13 cikin ɗari a kowane juyi, don haka motar da ta zo da 4.10, idan aka sa mata babbar tayar, takan yi nauyin tashi, kuloci ya riƙa ƙonewa a hawa, agogon gudu kuma ya nuna ƙasa da gaskiya. Sauyawa zuwa 4.56 na mayar da ita kusa da yadda kamfani ya tsara ta, 4.88 kuwa na ƙara mata ƙarfin fita daga laka, sai dai injin zai yi ta kuka yana shan mai a titin Zariya.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen sayen kayan Beljiyam, domin motar da ke ja da ƙafa huɗu dole lissafin gabanta da na bayanta su zo ɗaya, in ba haka ba aksil biyun su yi ta ja-in-ja har akwatin da ke raba musu ƙarfi ya lalace. Saboda haka ƙwararren makaniki ba ya yarda da maganar ɗan kasuwa sai ya ƙirga haƙoran da kansa, sannan ya shafa musu fenti ya juya da hannu, ya ga ko tabon ya sauka a tsakiyar haƙori kafin ya rufe tulun ya zuba man giya.